Rajistar Aron Littattafai da Sirrin Mai Karatu

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa aron littafi a laburare, wato ɗakin karatu, ya san yadda abin yake. Zai zaɓi littafin da yake so, ya kai wa ma'aikacin laburare. Shi kuma ma'aikacin ya rubuta sunan ɗalibin, da ajinsa, da sunan littafin, da ranar da zai dawo da shi. Wannan rubutu ba ya cin minti ɗaya, kuma ba kowa ne yake damuwa da shi ba. Amma idan aka tara irinsa na shekara shida, daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare zuwa aji uku na babbar sakandare, sai ya zama tarihin abubuwan da suka daɗe suna yawo a zuciyar ɗalibin.

A wannan darasi za mu duba tambayoyi uku. Me ya sa ake rubuta bayanan masu aro? Wa ya cancanci ya ga bayanan? Tsawon wane lokaci ya kamata a ajiye su? Za mu fara da wani abu da ya faru a wata makarantar sakandare irin taku, amma a ƙasar Japan.

Katunan da aka manta da su a Kobe

Haruki Murakami sanannen marubucin ƙagaggun labarai ne ɗan ƙasar Japan. An haife shi a shekarar 1949, kuma an fassara littattafansa zuwa harsuna masu yawa. Ya yi karatun sakandare a birnin Kobe cikin shekarun 1960. A wancan zamani, littattafan laburaren makarantar suna da kati a jikinsu. Duk wanda ya ari littafi, sai sunansa ya hau kan katin.

Bayan kimanin shekara hamsin, aka ware wasu tsofaffin littattafai na makarantar domin a fitar da su. Wajen tantance su ne aka ci karo da katuna masu ɗauke da sunan Murakami, a cikin littattafan wani marubuci Bafaranshe mai suna Joseph Kessel. Katunan suka kai hannun jaridar Kobe Shimbun, ita kuwa ta buga labarin da hotunansu a shekarar 2015, ba tare da izinin mai sunan ba. A kan katunan akwai kuma sunayen wasu tsofaffin ɗalibai waɗanda ba su shahara ba.

Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Japan ta soki wannan aiki. Ta ce bayyana abin da mutum ya karanta ba tare da yardarsa ba keta sirrinsa ne. Ƙungiyar tana da wata sanarwa game da 'yancin karatu wadda ta fitar a 1954. Da ta sabunta sanarwar a 1979, ta sa kiyaye sirrin masu karatu a cikin manyan ginshiƙanta. Jaridar kuwa ta kare kanta. Ta ce Murakami fitaccen mutum ne, kuma jama'a za su amfana idan suka san littattafan da suka yi masa tasiri yana yaro.

Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, littattafan da Murakami ya ara ba abin kunya ba ne, amma duk da haka aka ce an keta masa sirri. Na biyu, da an lalata katunan tun lokacin da aikinsu ya ƙare, da babu abin da jarida za ta samu ta buga.

Yadda ake rubuta bayanan aro

Laburare ba ya iya aiki sai da rubutu. Dole ma'aikaci ya san littafin da ya fita, da wanda ya fita da shi, da ranar dawowarsa. Idan babu wannan, littattafai za su ɓace, kuma ba za a san wanda za a bi ba. Manufar rubutun ke nan: littafi ya dawo. Akwai hanyoyi huɗu da aka fi sani, kuma kowace tana da irin tasirinta a kan sirrin mai karatu.

Hanya ta farko ita ce rajista. Babban littafi ne da ake rubuta sunayen masu aro a cikinsa layi bayan layi. Yana da araha, shi ya sa makarantu da yawa suke amfani da shi. Aibinsa shi ne duk wanda ya zo sa hannu zai iya ganin sunayen waɗanda suka riga shi, da littattafan da suka ɗauka.

Hanya ta biyu ita ce katin da ake rubuta suna a kansa, irin na Kobe. Idan littafi ya dawo, sai a mayar da katin cikin aljihun da aka manna a bangon littafin. Saboda haka duk wanda ya buɗe littafin zai ga jerin waɗanda suka taɓa aronsa.

Hanya ta uku ita ce wadda wata ma'aikaciyar laburare Ba'amurkiya, Nina Browne, ta ƙirƙiro a shekarar 1895. Ta yaɗu ƙwarai a Ingila, ta kuma iso ɗakunan karatu na Nijeriya. A wannan tsari, ana ba mai karatu tikiti mai kama da ƙaramin aljihu, da sunansa a jiki. Idan ya ari littafi, sai a zare katin littafin a sa cikin tikitinsa, a ajiye su tare a cikin akwati bisa tsarin kwanan wata. Ranar da ya dawo da littafin, kati ya koma cikin littafi, tikiti ya koma hannun mai shi. Da zarar an raba su, babu wata shaida da ta rage cewa wane ya taɓa aron littafi kaza.

Hanya ta huɗu ita ce kwamfuta. A yau ɗakunan karatu da dama suna amfani da manhaja irin Koha, wadda aka fara rubutawa a ƙasar New Zealand a 1999. Kwamfuta tana da sauri, kuma ba ta mantuwa. A cikin daƙiƙa kaɗan za ta iya fito da duk abin da mutum ya ara cikin shekaru goma. Sai dai ana iya saita ta ta cire sunan mai aro daga tarihin littafi bayan ya dawo. Wato zaɓi yana hannun mutanen da suke tafiyar da laburaren.

Me ya sa abin da mutum ya karanta sirri ne?

Wani zai ce, "Ni ba ni da abin ɓoyewa, kowa ma ya ga abin da na karanta." To, bari mu kawo misalai. A ce wata ɗaliba ta ari littafi a kan cutar sikila, domin ƙanenta yana fama da ita, iyayensu kuma ba su so a sani. A ce wani ɗalibi ya ari littafi a kan illar shaye-shaye, domin yana son ya taimaki abokinsa. A ce wani kuma ya ari littafi a kan addinin da ba nasa ba, saboda malamin tarihi ya ba su aikin gida. Wanda ya ga sunayen nan a rajista bai san dalili ba, sunan littafi kawai ya gani. Nan da nan sai zato ya shiga, daga zato kuma sai tsegumi. Hausawa suna cewa magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa.

Karanta littafi ba ya nuna cewa mutum ya yarda da abin da ke cikinsa. Likita yana karanta bayanin guba, alƙali yana karanta labarin ɓarayi, ɗan jarida yana karanta rubutun waɗanda yake adawa da su. Rajistar aro ba ta iya bambance mai neman ilimi da mai mugun nufi.

Babbar illar ita ce tsoro. Ɗalibin da ya san ana duba abin da yake karantawa zai guji littattafan da ya fi bukata. Yarinyar da take da tambaya game da canjin da jikinta yake yi za ta haƙura da littafin kiwon lafiya, ta koma ga jita-jitar ƙawaye. Ta haka laburare yake rasa amfaninsa, ko da yana cike da littattafai. Wannan ne ya sa Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta sa riƙe sirrin masu karatu a cikin ƙa'idojin aikinta tun a shekarar 1939.

Idan hukuma ta zo neman bayani

Ba 'yan jarida ko masu tsegumi kaɗai ne suke sha'awar bayanan aro ba. Tarihin Amurka ya nuna cewa jami'an gwamnati ma sukan neme su. A shekarar 1970, wasu jami'ai sun shiga ɗakunan karatu a birane irin su Milwaukee da Atlanta, suna neman sunayen waɗanda suka ari littattafai a kan abubuwan fashewa. A 1987 kuma aka gano cewa hukumar bincike ta FBI tana zuwa ɗakunan karatu na kimiyya, tana tambaya game da baƙi 'yan ƙasashen waje da abin da suke karantawa. A yau, jihohi 48 daga cikin 50 na Amurka suna da dokokin da suke kare bayanan masu amfani da laburare.

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira Patriot, wadda ta faɗaɗa ikon jami'an tsaro na karɓar bayanai. A shekarar 2005, FBI ta kai wata takarda ga George Christian, shugaban wata haɗakar ɗakunan karatu a jihar Connecticut. Takardar ta nemi bayanin wanda ya yi amfani da wata kwamfuta a ɗaya daga cikin ɗakunan. Ba alƙali ne ya ba da umarnin ba, kuma an hana shi gaya wa kowa cewa ya karɓi takardar. Shi da abokan aikinsa uku suka ƙi miƙa bayanin, suka kai ƙara kotu. A 2006 gwamnati ta janye hanin yin magana, daga baya kuma ta janye bukatar gaba ɗaya.

Kada a ɗauka cewa ma'aikacin laburare ya fi ƙarfin doka. Idan kotu ta ba da umarni bisa ƙa'ida, zai bi, amma zai ba da abin da aka nema kaɗai, ba tare da ƙari ba. Abin da mutanen nan huɗu suka tsaya a kai shi ne a bi ta hanyar alƙali. Ɗakunan karatu da yawa a Amurka sun ɗauki darasi daga irin waɗannan abubuwa, suka riƙa goge bayanai da wuri. Hujjarsu mai sauƙi ce: abin da ba a ajiye ba, ba a sace shi, ba a buga shi a jarida, ba a kuma tilasta wa kowa ya miƙa shi. Rigakafi ya fi magani.

Tsawon lokacin ajiya

A nan ne ra'ayoyi suka bambanta, domin ajiye bayanai ma yana da amfaninsa. Wani mai karatu yana so ya tuna littafin da ya karanta bara. Idan aka ga an yage shafuka a littafi, laburare yana so ya san wanda ya are shi na ƙarshe. Hukumar makaranta kuma tana so ta san irin littattafan da ɗalibai suka fi karantawa kafin ta sayi sababbi.

Masana tarihi ma suna da tasu hujjar. Wani tsohon laburare a birnin New York ya adana rajistarsa ta ƙarni na 18. Daga cikinta aka gano cewa a shekarar 1789 shugaban Amurka na farko, George Washington, ya ari littafin Emer de Vattel a kan dokar da ke tsakanin ƙasashe, kuma bai mayar ba. Sai a 2010, bayan shekara 221, masu kula da gidansa na tarihi suka kai wa laburaren wani kwafi na littafin. Da an ƙona rajistar, da ba mu san wannan labari ba.

To, yaya za a daidaita? Akwai bambanci tsakanin Washington da Murakami. Washington ya rasu tun 1799, babu abin da rajista za ta yi masa. Murakami kuwa yana raye lokacin da aka buga katunansa. Ga hanyar da ɗakunan karatu da yawa suke bi. Muddin littafi yana hannun mai aro, ko ana bin sa tara, ana ajiye sunansa. Idan littafi ya dawo lafiya, sai a raba sunan da littafin nan take, ko bayan ɗan gajeren lokacin da aka ƙayyade don a duba ko an lalata shi. Lissafi kuwa ana riƙe shi ba tare da suna ba. Za a iya sanin cewa an ari littafin lissafi sau 40 a zango ɗaya ba tare da an san su wane ne suka are shi ba. Wanda yake son a ajiye masa tarihin karatunsa kuma, sai ya nema da kansa.

Abin da dokar Nijeriya ta tanada

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu ta waya. A watan Yuni na 2023 kuma, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Mutane, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. Daga cikin ƙa'idojin dokar akwai cewa a tattara bayanin mutum domin wata manufa bayyananniya, kada a karɓi fiye da abin da ake bukata, a tsare shi daga waɗanda ba su da izini, kuma kada a riƙe shi fiye da lokacin da manufar take bukata. Idan muka auna rajistar aro da wannan ma'auni, amsar a fili take. An rubuta suna ne domin littafi ya dawo. Idan ya dawo, manufar ta cika.

A laburaren makarantarku

Kiyaye sirri ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ana iya ajiye rajista a gefen ma'aikaci maimakon a bar ta a buɗe a kan tebur. Ana iya rubuta lambar ɗalibi a kan kati maimakon sunansa. Idan za a tuna wa ɗalibi ya dawo da littafi, sai a ba shi takarda a naɗe. Ba sai an karanta sunansa da sunan littafin a gaban taron safe ba. Tsofaffin katuna da rajistar da aikinsu ya ƙare kuwa, sai a yayyaga su ko a ƙone su. Kada su faɗa hannun mai sayar da ƙosai ko gyaɗa ya ƙunsa wa masu saye.

Ɗalibin da aka naɗa ya taimaka a laburare shi ma ya ɗauki amana. Abin da ya gani a rajista ba labarin ɗakin kwana ba ne. Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ku karanta wannan 'yar tattaunawa, ku ga yadda ake ƙin ba da bayani cikin ladabi:

Ɗalibi: Malama, ina kwana? Don Allah wa ya ari littafin nahawun Hausa? Ina so in karɓa daga wurinsa.

Malama: Lafiya lau, ɗana. Ka yi haƙuri, ba na faɗin sunan wanda ya ari littafi. Kai ma ba zan faɗi naka ga wani ba.

Ɗalibi: To, Malama, yaya zan yi? Muna da jarrabawa mako mai zuwa.

Malama: Kawo katinka in rubuta. Ranar Alhamis za a dawo da shi, zan ajiye maka.

Ɗalibi: Na gode, Malama. Allah ya saka da alheri.

Akwai tambaya mai wuya da ta rage: iyaye da malamai fa? Su ne suke da alhakin tarbiyyar yaro, kuma idan littafi ya ɓace, iyaye ne za su biya, don haka dole a gaya musu wane littafi ne. Haka nan idan akwai alamar cewa rayuwar ɗalibi tana cikin haɗari, ba a yin shiru. Amma wannan dabam yake da buɗe rajista ga duk wanda ya so ya leƙa. Ya kamata kowace makaranta ta rubuta ƙa'idarta, ta bayyana wanda zai ga bayanan, da dalilin da zai sa a nuna masa, da ranar da za a lalata su. Sannan ta sanar da ɗalibai da iyayensu tun farkon shekara.

Kammalawa

Mun ga cewa ana rubuta sunan mai aro ne domin littafi ya dawo, kuma rubutun amana ne a hannun laburare. Mun ga yadda katin da aka manta da shi shekara hamsin ya kai ga shafin jarida. Idan kun sake shiga laburaren makarantarku, ku buɗe bangon bayan littafi ku duba. Idan akwai kati, sunayen su wa ke kansa, kuma tun yaushe suke nan?

Ma'anar wasu kalmomi

Sirri: abin da mutum ba ya so kowa ya sani.
Amana: abin da aka ba mutum ya tsare saboda an yarda da shi.
Aro: karɓar abu da niyyar mayar da shi bayan an gama amfani da shi.
Tantance: duba abubuwa da kyau domin a ware su.
Tsegumi: yin maganar mutum a bayan idonsa.
Tara: kuɗin da ake biya saboda karya ƙa'ida.
Manhaja: tsarin umarni da kwamfuta take bi ta yi aiki.
Ƙayyade: sa wa abu iyaka.

Tambayoyi

1. Mene ne ainihin dalilin rubuta sunan mai aron littafi?
2. Yaya aka yi katunan Murakami suka kai ga jarida?
3. Bayyana yadda tsarin Nina Browne yake kare sirrin mai karatu.
4. Me ya sa George Christian da abokan aikinsa suka tafi kotu?
5. Kawo amfani biyu na ajiye bayanan aro, da illa biyu.
6. Wane sashe na Tsarin Mulkin Nijeriya ne ya yi maganar sirrin 'yan ƙasa?
7. Mece ce ma'anar karin maganar nan: "Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba"?

Aiki

(a) Ku yi amfani da kowace daga cikin waɗannan a jimla: ya ari, ya are shi, ya ara mini, aro.

(b) Ku kasu gida biyu ku yi muhawara a kan wannan batu: "Jaridar Kobe Shimbun ta yi daidai da ta buga katunan Murakami."

(c) Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban makarantarku, ka ba da shawarwari uku a kan yadda za a kiyaye sirrin masu aron littattafai.